Jan Fenti A Ƙofar Salamatu

Ranar kasuwar Illo abin ya faru, ranar da garinmu Tungar Marke ke komawa ta tsofaffi da awaki. An yi ruwa da sassafe, rana ta buɗe da hantsi ta gasa taɓon. Da la'asar Salamatu, matar marigayi Ibrahim Khalil, ta dawo da ɗaurin buhunan da ta sayo, ta tarar da baƙon kwaɗo a ƙofar ɗakin injinta, an shafa jan fenti gicciye tun daga sama har dokin ƙofa. Ta leƙa ta taga. Babu injin, sai ƙusoshin da suka riƙe shi a tsaye cikin siminti.

Injin casar shinkafa ne, sabo, ko buhu ɗaya bai ci ba. Gonar fadamar da mijinta ya bar mata ta sayar ta saye shi, ta kuma rantse ba za ta tayar da shi ba sai takardunta sun cika. Da ƙafarta ta yi ta zirga-zirga tsakanin Bagudo da Birnin Kebbi. Ta yi wa sana'ar rajista da suna, ta karɓi izinin wurin, ta je asibiti aka gwada lafiyarta saboda abinci za ta riƙa taɓawa. Abu ɗaya ya rage: duba-gari ta zo ranar Alhamis ta ga injin a gurbinsa, ta ga magudanar ruwa da inda za a zubar da ɓuntu, ta sa hannu. In ta zo ta iske ɗaki wayam, magana ta koma farko, Salamatu kuwa ba ta da wata gonar da za ta sayar.

Kafin magariba kowane namiji a garin ya zama lauya. Suka taru a bakin lungun suna miƙa wuya, amma babu wanda ya yarda ƙafarsa ta shiga ciki, kada a ce da shi aka gani. Ƙattai masu gemu, waɗanda ke cika mana kunne da labarin yadda suka tsallaka iyaka da buhu a ka, jan fenti na gwangwani ɗaya ya tsayar da su kamar an ɗaure.

Lungun ba ya ɓullewa. Ƙofa biyu ce kawai a cikinsa, ta ɗakin injin a ƙurya da ta gidan Malam Attahiru a tsakiya. Malam kuwa ya kwashi iyalinsa sun tafi Kende ta'aziyya, gidan a rufe yake, don haka ba wanda ya ga komai.

Wanda ya fi kowa baki a wurin shi ne Lawal Ejan, mijin Barira 'yar Malam Attahiru. Shi ne mai karɓar takardun mutane ya ce zai kai ofis. Mai shayi, mai kemis, mai cajin waya, duk wanda zai buɗe rumfa sai ya bi ta hannunsa, takardar kuwa ba ta taɓa ƙarewa, kullum saura sa hannu ɗaya. Karatunsa bai wuce nawa ba, amma yana yawo da fayil a hammata, mutane kuma na yaba masa ladabi.

"Na gaya mata," in ji shi, yana girgiza kai. "Wallahi na gaya mata. Ofis yana da ƙofar gaba, yana da ta baya. Ta bi ta gaba ita kaɗai, ga shi nan."

Salamatu ta juya ta bar wurin. Maƙerata ta zo, don ni ne maƙerin garin, ta ce, "Baba Hassan, zo ka sare mini kwaɗon nan."

Na ɗauki guduma, mai unguwa ya tare ni. "Hassan, kwaɗon hukuma ne. In ka taɓa shi, ba ruwana."

"Ranka ya daɗe, wace hukuma?"

"Hukuma dai."

Na mayar da gudumar. Na ce wa Salamatu ta je ta kwanta, gobe zan zo mata da wanda ba ya tambayar fenti.

*

Sambo tsohon Bafillace ne, rugarsa na bayan Geza. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun shanun sata har cikin Benin. Fuskar mutum yakan manta ta, ƙafarsa kuwa ba ya mantawa. Da ya gan ni ya ce, "Bawana, mi ya fito da kai daga toka?"

"Na zo neman ɓarawo, na ce bari in fara da wanda na sani."

Da hantsi muka isa. Ya dubi jama'ar da suka sake taruwa a bakin lungun, ya tambayi ko wani ya shiga. Aka ce Salamatu kaɗai.

"Madalla da tsoro," in ji shi. "Yau ya yi rana."

Ya bi gefen katanga a hankali, ni ina bayansa. Taɓon jiya ya bushe da duk abin da aka taka a kansa. Ya nuna da sanda. Mutum biyu masu takalmin roba, sawunsu sama-sama wajen shiga, ya nutse wajen fita, su suka ɗauki injin. Na uku da takalmin but mai haƙora irin na tayar mota.

"Sabo ne, kuma ya yi masa yawa," in ji Sambo. "Dubi yadda dunduniyar ke jan ƙasa. Wannan bai ɗauki komai ba sai gwangwanin fenti. Shi ne mai gayyar."

Gab da ƙofar Malam Attahiru ya tsuguna. Akwai wani zagaye a ƙasa, gindin gwangwani ne aka ajiye. Daga nan sawun but ɗin ya ɓace, bai sake bayyana ba sai da aka wuce ƙofar. A tsakanin kuwa sawun ƙafa ne tsirara, na ɗauka na mutanen gidan ne. Sambo ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa na samo masa tsohon kasko, ya kife a kan guda ɗaya, ya ɗora dutse.

"Mi ka gani?" na tambaye shi.

"Kai dai ƙarfe ka sani. Mu tahi."

A bakin lungun akwai sawun amalanke. Muka bi shi har kwalta, nan ya ɓace mana.

*

Da jama'a suka ji an ce amalanke, nan take lauyoyin jiya suka sauya shari'a. Ashe ba hukuma ba ce, Yero ne, makiyayin da ke dakon taki da amalanken shanu. Dama can sun san halinsa, in ji su, alhali jiya babu wanda ya tuna da shi.

Muka iske Yero yana ba maruƙa dusa. Ya gaida Sambo da Fulatanci, sannan ya juyo da Hausa saboda ni.

"Bappa, an ce ni na ɗauki injin. In yi mi da shi? In tatse shi?"

"Ina kake ranar kasuwa?"

"Ina kasuwa, kamar kowa. Duk sun gan ni, sai dai in yau sun makance."

Sambo bai ko dubi amalanken ba. Ya ce, "Koma ga aikinka." A hanya ya ce da ni, "Jaki ya ja waccan amalanken. Garin nan kaf babu wanda ya sunkuya ya bambance kofaton jaki da na shanu, amma sun yanke wa yaron hukunci."

*

Na biyu da aka nuna shi ne Abdulrashid, mai tsohon injin casa na bakin hanya, wanda sabon injin zai rage wa ciniki. Muka tarar da rumfarsa a rufe, ya lulluɓe nasa injin da zana da harawa, shi kuma yana leƙo mu ta kafar ƙofa.

"Fito, ba hukuma ba ce," na ce masa.

Ya fito yana share gumi. "Baba Hassan, in anka rufe wa mai takarda, ni da ban da ko ɗaya fa?"

"Ba ka da takarda? Duk shekarun nan?"

"Tana hannun Lawal. Damina bayan damina yana cewa saura kaɗan. Jiya ma ya zo, ya ce in ƙara masa wani abu ya toshe mini kafin su iso kaina. Ba ni kaɗai ba, duk masu rumfa ya zagaya."

"Kunka ba shi?" in ji Sambo.

"Wa zai ƙi, Baba? Ka ga jan fentin nan kuwa?"

Sambo ya dubi ƙafafunsa, manya kamar faranti cikin silifa, ya tofar da yawu gefe. "Buɗe injinka ka yi aiki. Kai ko kaza ba ka iya sata."

*

Washegari muka hau mota zuwa Bagudo tare da Salamatu. Duba-garin da za ta zo ranar Alhamis yarinya ce mai suna Shafa'atu, ba ta da yawan dariya. Ta saurare mu har ƙarshe, ta ja fayil ɗin Salamatu ta duba.

"Inna, takardunki babu abin da ya same su. Mu ba mu rufe miki wuri ba. In za mu rufe, sai mun ba ki notis a hannu, mun ba ki lokaci ki gyara, kuma a gabanki za a yi. Injin mutum ba ma ɗauka. Ina za mu kai shi?"

"To jan fentin fa, 'yata?" in ji Salamatu.

"A kasuwa ake sayar da fenti, Inna."

Na ce ko za ta ɗaga mana ranar. Ta ce layin masu jira na da tsawo, in ta tsallake Tungar Marke sai bayan girbi, kuma ba za ta sa hannu a kan injin da ba ta gani ba. Ban ji haushinta ba. Da haka masu fayil na garinmu suke, da ban rubuta wannan ba. Ta dai yi mana alheri ɗaya, ta raka mu wurin 'yan sanda ta faɗa da bakinta cewa sata ce.

A mota Salamatu ta ce, "Baba Sambo, Lawal ya zo mini jiya. Ya ce ya san ofishin da anka kai injin, zai iya fiddo shi in na miƙa masa takarduna ya sake bi da su ta hannunsa. Ya ce in na yi jinkiri za a yi gwanjonsa, ƙila ma ya tsallaka ruwa."

"Mi kika ce masa?"

"Na ce zan yi shawara. Tun da na samu takardun nan mata ke zuwa gidana suna tambayar hanya. Hamsatu mai ƙuli-ƙuli ma ta karɓe nata daga hannunsa."

"Ci gaba da shawara," in ji Sambo. "Injinki bai tsallaka ba tukuna. Mai son ya sayar miki da abinki ba ya kai shi nesa."

Na ce to a kama shi mana. Ya ce, "Da mi? Da bakinsa? Mutumin da ya shekara yana sayar wa gari guda iska, kai za ka kama da magana? Aika Kende a ce Malam Attahiru ya dawo ranar Laraba da asuba, ya shiga gida ya rufe, kada kowa ya sani."

*

Ranar Laraba da hantsi mai unguwa ya aika kiran mutane, bayan ɗan sandan da ya zo daga Bagudo ya tabbatar masa har sau biyu cewa ba za a kama shi ba. Aka ce a taru a ƙofar ɗakin injin. Kafin nan Sambo ya share lungun da kansa, ya yayyafa ruwa, ya bar kaskonsa a kife. Ƙofar Malam Attahiru a rufe kamar yadda take tun ranar kasuwa.

Muka zauna a ƙurya muna kallon masu shigowa. Mai unguwa ya wuce, yana bin bayan ɗan sanda kamar ɗan maraƙi. Yero ya wuce da sandarsa. Abdulrashid ya wuce yana jan silifa. Sauran lauyoyin suka biyo a dunƙule, kowa na tura ɗan'uwansa gaba. Can sai ga Lawal, da farar riga da fayil da takalmi sau-ciki yana ƙyalli. Yana tafe yana yi wa wani bayanin dokar gwanjo. Da ya zo gab da ƙofar Malam, bakinsa bai tsaya ba, hannunsa ya sauka ya zare takalman, ya wuce ƙofar a ɗan rusune, sannan ya ajiye su zai mayar.

"Bar su nan, Lawal," in ji Sambo. "Ƙaraso haka."

Ya ƙaraso yana murmushi. "Lafiya, Baba?"

"Lafiya lau. Ina da tambaya ga jama'a. Kun wuce ƙofar can ku duka. Wa ya cire takalmi?"

Aka dubi juna. Mai unguwa ya ce, "Ai Malam ba ya nan. Wa zai cire wa ƙofa takalmi?"

"Suruki," in ji Sambo. "Kowa yana cirewa in ya ga Malam zaune. Suruki kaɗai ke cirewa ko gidan babu kowa. Haka munka tashi munka iske, Lawal kuma yaron kirki ne, ba ya fashi."

"Wannan ai tarbiyya ce, Baba," in ji Lawal.

"Ita ce. Ranar kasuwa mutum uku sunka shigo lungun nan. Biyu baƙi ne, sunka wuce ƙofar da takalmansu, ba su san ta kowa ba ce. Na ukun ya sa but don a ce ma'aikaci ne in wani ya hango shi. Da ya zo nan ya ajiye gwangwanin fenti, ya tsaya ya kwance igiyar but, ya wuce, ya sake ɗaurawa. Da zai fita ma haka. Ga injin sata a gabansa, ana sauri, amma ya tsaya kwance igiya."

Lawal ya yi 'yar dariya. "Surukan Malam ai ba ni kaɗai ba ne."

"Ɗayan yana Kamba, ɗayan ya rasu," in ji wata tsohuwa daga baya. "Kada ka tayar mana da matacce."

Sambo ya tashi ya ɗauke dutsen, ya buɗe kaskon. Sawun ƙafar dama ne, ya bushe sarai, babban yatsan ya karkace waje, ƙaramin ya hau kan na kusa da shi bai taɓa ƙasa ba. Kusa da shi, a danyar ƙasar da aka yayyafa wa ruwa, ga wanda Lawal ya taka yanzu. Ko mai unguwa, da ba ya ganin abin da ba a ba shi izinin gani ba, ya gani.

"Ƙafa na kama da ƙafa," in ji Lawal, muryarsa ta sirance.

"To taka kusa da shi mu gani," in ji ɗan sandan.

Bai taka ba. Ya fara cewa shi ba sata ya yi ba, ajiya ce, don ya koya wa mutane bin tsari. In kowace mace ta san hanyar ofis, in ji shi, wa zai kula da masu sana'a? Ya juya ga Abdulrashid ya ce, "Kai ka san wahalar da nake muku."

"Ina takardata?" in ji Abdulrashid. Karo na farko ke nan da na ji muryarsa ta fito irin ta maza.

Salamatu ba ta ɗaga murya ba. "Ina injina, Lawal?"

Dole Lawal ya faɗa: injin yana bakin kogi, a wata bukkar masunta da aka daina kwana, an rufe shi da tarun kifi. Baƙin biyu 'yan dako ne daga tsallake, su da jakinsu, ya ce musu kayan gwamnati ne. Yero, wanda garin ya so ya ɗaure, shi ya ɗaura shanunsa ya je ya ɗauko shi. Ni kuma na ɗaga guduma, bugu ɗaya kwaɗon hukumar ya faɗi. Irin na ƙofar akurki ne. Lauyoyin suka matso suna cewa dama tun farko sun yi shakka.

Ɗan sanda ya kama hannun Lawal suka nufi bakin lungu, shi da takalmansa a hannu, fayil ɗin kuwa na yashe a ƙasa, masu rumfa na tonon takardunsu a ciki. Suna isa ƙofar sai ta buɗe. Malam Attahiru ne tsaye da carbi, ya ji komai daga zaure. Lawal ya zube ya durƙusa.

"Malam, Allah ya gafarta..."

Malam bai dubi fuskarsa ba, ƙafafunsa ya duba.

"Sa takalminka," in ji shi.

"Malam?"

"Sa su, ka wuce. Daga yau in ka zo ƙofar nan ka wuce da abinka kamar kowa."

Na ga an yanke wa mutane hukunci a gaban alƙali ba su yi kuka ba. Lawal ya sa takalman nan, ya taka gaban ƙofar da su, yana kuka kamar yaro.

Ranar Alhamis Shafa'atu ta zo. Ta ga injin a gurbinsa, ta bi magudanar ruwa har ƙarshenta, ta sa aka matsar da ramin ɓuntu nesa da rijiya, sannan ta sa hannu. Ta ce a goge fentin. Salamatu ta ce a bar shi, ta buga takardar izininta a tsakiyar gicciyen, ta tayar da injin.